Iyo da Doguwar Riga

Duk shekara idan sanyi ya wuce, jiragen ruwan yaƙi sukan shigo kogin Hudson suna busa ƙaho. Da na ji wannan ƙarar sai kakana ya faɗo mini a rai.

Ina da shekara tara mahaifina ya ɗauko shi daga Kano, ya zo ya zauna da mu a nan ƙasar waje, unguwar Tremont ta Bronx, a bene hawa na huɗu. Tsohon soja ne, amma ba irin wanda kuka saba ji ba. Yana cikin rundunar da jirgin ruwa kan kwasa ya kai bakin gaɓa, ya buɗe baki, su diro cikin ruwa da bindigoginsu, su kama tudu kafin sauran sojoji su iso. Yakan ce su 'yan kaɗan ne idan aka gwada da sojan ƙasa, shi ya sa ba a cika tunawa da su ba. Yawancinsu 'yan arewa ne da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba. Ranar saukarsu ta farko jirgin ya tsaya nesa da gaɓa. Amininsa ya diro da takalmi da jaka, bai sake ɗagowa ba. Sau ɗaya kaka ya ba ni wannan labari.

Da zafi ya shigo sai ya ce zai koya mini iyo. Ni kaɗai ce 'ya a gidan, kuma mace. Nan fa gwaggona, yayar mahaifina, ta tayar da ƙura. Ta bi matan masallaci ɗaya bayan ɗaya tana cewa za a tuɓe yarinya a gaban garada. Mahaifiyata ta daina zuwa karatun Lahadi saboda kallon da ake bin ta da shi. Ni kuwa ina son ruwan nan kamar raina, ina tsoron a hana ni.

Gwaggo ta zo har gida, ta durƙusa. "Baba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce."

"Wa ya ce za ta tuɓe?" in ji kaka. "Ruwa ba ya jiran mutum ya cire riga. Da kayanta za ta shiga, yadda muka shiga."

Haka aka yi. A tafkin iyo na unguwa ba sa yarda a shiga da kayan gida, sai muka riƙa hawa bas zuwa bakin teku a can ƙarshen Bronx. In shiga da doguwar riga da wando da hijabi, shi yana tsaye ruwa iya ƙirji, tafin hannunsa a ƙarƙashin cikina. Rigar takan jiƙe ta yi nauyi kamar an ɗaura mini buhun shinkafa. Na sha gishiri har na gode Allah. Mutane suna kallo, wasu suna dariya, kaka ko a jikinsa. A bas kowa yakan matsa saboda ruwan da ke ɗiga daga jikinmu. Gwaggo ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwata.

Kaka ya rasu ina sakandare. Yanzu ina koya wa matan unguwarmu iyo ranar Asabar da safe, a wani tafki da ake ware mana awa biyu. 'Yan Nijar, 'yan zangon Ghana, namu na Kano, duk suna zuwa. Har yau akwai masu taɓe baki, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri ba.

Bara gwaggo ta kira ni. Jikarta za ta tafi sansanin hutu na makaranta a bakin wani tafki, ita kuma ta kasa barci.

"'Yar nan, ki koya mata."

Na ce, "Zan koya mata, Gwaggo, amma sai kin shiga ke ma."

Ta kashe waya. Ranar Asabar sai ga ta da zane biyu a jaka. Ta sauko matakala tana salati, ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Ban sake ta ba sai da ruwa ya kai mata ƙirji.