Iyakar Gonar da Baba Ya So Nuna Mini

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in iya rubuta ta, roƙona kawai a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faro ni matashi ne mai jini a jika, ban fi shekara talatin ba, da matata da yara biyu muna zaman haya a Kankiya. Asalina mutumin Kaikai ne ta ƙasar Kusada, can mahaifina yake zaune da gonarsa, kuma ni ne ɗansa na fari. Sana'ata awon hatsi. Wani babban ɗan kasuwa nake yi wa aiki, shi ke ba da jari, ni ke shiga kasuwannin ƙauye in sayi gero da dawa da wake tiya-tiya, a cika buhuna, a ɗinke, a loda a mota. Ladana a kan buhu yake, iya kasuwar da ka ci iya abin da ka samu. To kowace kasuwa a ƙasarmu da ranar cinta, mai son wahala yana iya kwashe mako cur yana bin su bai maimaita ɗaya ba. Ni da farko huɗu nake ci, sauran kwana ukun nawa ne. Ran Juma'a in hau babur in tafi Kaikai, mu yi sallah da Baba, mu dawo mu zauna ƙofar gida a kan tabarma, shi yana tufka igiya ni ina gyangyaɗi. Ba wata doguwar hira muke yi ba. A lokacin ban ɗauki zaman nan a bakin komai ba, wallahi.

Rannan sai abokin aikina da ke cin sauran kasuwanni ukun ya bar aiki. Maigidana ya kira ni ya tambaye ni ko zan iya haɗawa duka. Tsakani da Allah bai tilasta mini ba, ni ne na amsa tun bai rufe baki ba. Da na gaya wa matata sai ta tambaye ni to wace rana ce ta hutu. Na yi dariya na ce mata hutu yana nan yana jiranmu a cikin gidanmu na kanmu, in mun gama gina shi.

Gidan nan shi ne ya cinye ni. In an tashi kasuwa an gama lodi, nakan haye can saman mota in kwanta rigingine a kan buhuna, ƙamshin sabon gero yana shiga hancina, mota tana lilo da ni, gajimare yana wucewa a hankali. A nan nake ginin. In aza bulo, in yi rufin kwano, in shafa farin fenti. Kullum ɗakin da nake fara gamawa shi ne na Baba, daga gefen zaure, da taga mai kallon gabas don hantsi ya riƙa shigo masa. Har bishiyar darbejiya nake dasa masa a ƙofa, in gan ta ta girma, in gan shi zaune a inuwarta da farar riga yana jan carbi, jikokinsa suna hawa bayansa. Wani lokaci sai direba ya buga gefen mota yana mini tsiya wai in sauko daga benen nawa mun iso. A shekarun nan na fi ganin Baba a wannan ɗaki da ba a gina ba fiye da yadda na gan shi ido da ido.

Kwana bakwai, kasuwa bakwai. In fita ana sallame asuba, in dawo yara sun yi barci. Juma'a ma duk garin da ta riske ni nan nake yin ta, tiya a hammata, ana sallamewa in koma rumfa. Samu kam ya ƙaru, ba zan yi wa Allah butulci ba. Na sayi fili, aka fara gini na gaske. Sai dai bayana ya fara ciwo, ƙirjina ya cika da ƙaiƙayi, ran da na tarar da yarana ba su yi barci ba, in na yi sallama su yi tsit kamar baƙo ya shigo.

Baba mutumin da ne, mai tsananin alkunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, bai taɓa kallon tsabar idona ba, in zai yi mini magana bango yake kallo. Saboda haka da ya ga Juma'o'i suna wucewa babu ni, bai kira ni ba, sai ya aiko ƙanwata da ke aure a Kusada. Saƙon shi ne, in yayanta ya samu sarari wata Juma'a ya zo, Baba zai nuna masa iyakar gona. Na yi dariya har da buga cinya. Ni za a nuna wa iyakar gonar da na yi wa noma tun fartanya ta fi ni tsawo? Ba rigima muke da kowa ba, maƙwabtan gonar duk dangi ne. Na ce ta gaya masa Juma'a mai zuwa. Da Juma'ar ta zo na ce sai kaka ta wuce. Kaka ta wuce na ce sai farashi ya zauna. Saƙon bai taɓa canzawa ba, ni ma amsata ba ta canza ba, sai dai nakan haɗa ta da buhun shinkafa, ko shadda, ko maganin ciwon ƙafa. Da Sallah nakan je in durƙusa in gaishe shi, kafin a kawo fura wayata ta fara kuka, in miƙe. Ya tambayi kasuwa, in ce alhamdu lillahi, ya ce madalla yana kallon bango. Bai taɓa cewa in zauna ba, ni kuma da wautata na ɗauka ba ya bukata. Haka muka yi shekara huɗu.

Wata ranar kasuwar Kusada ina tsugune ina awo sai na ga inuwar mutum a kaina. Ƙanwata ce da hijabinta, a tsakiyar 'yan hatsi, wurin da ba ta taɓa takawa ba. Ko gaisuwar kirki ba ta yi mini ba. Ta ce Baba ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai a burtali wasu Fulani masu tallar nono suka tsince shi suka rako shi. Ta ce an yi watanni yana ruɗewa, ta kira ni ya fi a ƙirga, kullum amsata ina kan awo zan kira ta. Daga nan ta tambaye ni, a gaban mutane, ko maigidan nawa zai auna mini wani uban a tiya in wannan ya ƙare. Ta rantse ba za ta gusa ba sai na ajiye tiyar nan. Na ajiye.

Juma'ar da ta biyo baya da hantsi na isa Kaikai. An yi ruwa jiya, ƙasa tana ƙamshi. Na same shi a ƙofar gida, ya rame, tabarma biyu a shimfiɗe, yana kan ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Sai ya ɗago ya kalli tsabar idona, da fara'a, ya amsa da sakin fuska. Nan na san da matsala, don Baba ba ya kallona haka. Ya tambayi daga ina baƙo yake. Ƙanwata da ke bakin zaure ta girgiza mini kai alamar in yi shiru. Na ce daga Kankiya. Allah sarki, sai fuskarsa ta haskaka, ya laluba sandarsa ya miƙe, ya ce to faɗuwa ta zo daidai, in biyo shi zai ba ni saƙo.

Har yau in na tuna tafiyar nan sai in ga kamar a mafarki na yi ta. Gero ya kai gwiwa, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando, balbelu suna tashi suna sauka a bayan shanu can nesa. Mutumin da ya kasa gane ƙofar gidansa, ga shi yana bin kowane tushen gamba ba kuskure. Ya nuna mini inda iyaka ta karya ta bayan suri, ya nuna tsamiyar da ta raba mu da gonar ƙanensa, muka zagayo muka tsaya gindin babban gawo. A nan ya fara ba ni labarin ɗansa, kuma ya ambaci sunana. Sunana, ƙarara, a bakin Baba, karo na farko a rayuwata, yana gaya wa baƙo. Ya ce yaron kirki ne, ba shi da ƙiwa, tun yana ƙarami. Ya ce akwai ranar da yaron ya yi barci a gindin gawon nan, ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi gida ta bayan gari don kada a gani a yi masa dariya. Sai ya rage murya kamar mai faɗin asiri, ya ce maganar iyaka dabara ce kawai, yaron ya fi kowa sanin iyakar nan, amma ina mutum zai buɗe baki ya ce wa ɗansa na fari yana kewarsa? Ya roƙe ni in na gan shi a kasuwa in ce masa kada ya damu, kada kuma ya ɓata da maigidansa, amma in da hali ya zo wata Juma'a, ko bai riƙo komai ba, tabarmarsa tana nan.

Na kasa riƙe kaina, na durƙusa cikin geron ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina ce masa ni ne. Ya dafa kaina ya sa mini albarka, ya ce ai duk ɗan Musulmi ɗansa ne, in dai kada in manta da saƙon.

Washegari na je na mayar wa maigidana kasuwanni ukun. Na yi zaton zai roƙe ni, ko ya yi faɗa. Ina! Fatan alheri ya yi mini, kafin kwana biyu ya samu wani. Wurin da na ɗauka in babu ni zai rushe, ko girgiza bai yi ba. Gidan na gama shi a hankali, da tagarsa mai kallon gabas da darbejiyarsa. Sau ɗaya na kawo Baba, bai yi awa guda ba ya fara neman takalmansa, wai a mai da shi gida kada ɗansa ya zo bai same shi ba. Yanzu buhunan hatsi ne a ɗakin.

Ban rubuto don in ce neman halak laifi ne ba, ni ma har gobe ina cin kasuwa huɗu. Abin da na gane a makare shi ne, duk abin da na aika Kaikai a shekarun nan kowa zai iya aikawa, zaman tabarmar nan ne kaɗai ba mai iya yi mini. Na sayar da kwana ukun da Allah ya bar mini, kuma ba wanda ya ƙwace su, da hannuna na miƙa. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu bin kasuwa, da direbobi, da 'yan acaba, da ma'aikatan da ke haɗa aiki biyu: ku ware rana ɗaya a mako wadda ba ta sayarwa ba ce ko nawa aka taya. Kuma in dattijo ya aiko muku da saƙon da kuka ga bai taka kara ya karya ba, a duba katanga, a ga wata akuya, a zaga gona, ku tashi ku tafi a ranar. Iyayenmu ba su iya cewa suna kewarmu ba, da irin wannan suke faɗa.

Baba yana nan da rai. Duk Juma'a ina zuwa in zauna a tabarma ta biyu, ya tarbe ni da murna a matsayin baƙon nan na Kankiya, ya tambaye ni ko na isar da saƙonsa. In ce na isar. Ya tambayi me yaron ya ce. In ce ya ce yana nan tafe. Sai ya gyara zama ya juya yana kallon hanya, ni kuma ina gefensa, mu yi ta jira tare har a kira la'asar.