Ranar da Iya Mai-mai ta soya bini-da-zugu

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san Iya Mai-mai, in bai san fuskarta ba ya san ƙamshin gidanta. Tun da sauran ƙuruciyarta take matsar man gyaɗa, da shi ta yi renon 'ya'ya, da shi ta rufa wa mai gidanta asiri har ya koma ga Allah. Faɗa gare ta kamar me, amma hannunta a sake yake. In ta sauke kaskon suya, sai ta juye gyaɗar a faifai ta ɗora kan turmi ta huce, yaran gidan kuwa sun san ɗibar hannu ɗaya daga wannan faifan ba laifi ba ne.

Sai ga wani kamfani da labarin man mota da ake shukawa a gona. Wai ƙasar babba ce, motoci sun yi yawa, man da ake haƙowa hayaƙinsa yana ɓata iska kuma wata rana zai ƙare, don haka a noma bini-da-zugu a matse 'ya'yansa a zuba wa manyan motoci. Bini-da-zugu fa, wannan da ake shinge da shi saboda ko akuya ba ta kallonsa. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Gona bayan gona aka daina gyaɗa da dawa aka jera shi, har babban ɗanta, wanda take zaune a gidansa, ya bi sahu. Gyaɗa ta yi wuyar samu, kaskon Iya ya koma jingine a bayan ɗaki.

Kamfanin ya raba wa mata aikin ɓara. A kawo buhu, su ɓare, su shanya, a zo a ɗauka. Iya ta karɓa don zaman banza ya fi komai cin ranta, amma tun ranar farko gabanta yake faɗuwa. Ta tara jikokinta ta nuna musu baƙar ƙwayar.

"Wanda ya sa wannan a baki, sai dai uwarsa ta haifi wani," ta ce, idonta a kan 'Yar Firit, ƙaramar cikinsu, wadda bakinta ba ya hutawa da tauna. "Ke nake nufi, sarkin kwaɗayi."

Yaran sun ji. Shanya takan wuni a tsakar gida ba wanda ya taɓa.

Damina ce ta ɓata lamarin. Rana ta yi wuyar gani, ƙwayar ta ƙi bushewa, har ta soma fumfuna. Mai ɗaukar kaya na kamfani ya tura hannu cikin buhun Iya ya ce da laima, ya bar mata abinta a gaban matan layi. Abin ya yi mata zafi matuƙa. Ita da ta tsufa a cikin sana'ar mai, yau ita za a koya wa busar da ƙwaya? Ta janyo kasko ta wanke, ta haɗa wuta kaɗan, ta zuba tana juyawa a hankali yadda takan yi wa gyaɗar da ta sha ruwa. Ƙamshi ya tashi, irin wanda gidan ya daɗe bai ji ba. Da ta gama, hannunta ya yi abin da ya saba tun kafin a haifi uban yaran: ta juye a faifai, ta ɗora kan turmi, ta tafi kwashe wanki don hadari ya taso.

Da ta dawo, sai ta ga rami a tsakiyar faifan, daidai ɗan ƙaramin hannu.

Wankin ya zube a ƙasa. Ta samu 'Yar Firit a bayan randa tana lasar yatsu.

"Nawa kika ci?"

"Kaɗan ne, Kaka. Ai a faifanmu kika zuba."

Ba a jima ba yarinyar ta riƙe ciki ta durƙusa. Amai ya biyo, gudawa ta biyo, ba ƙaƙƙautawa. Uwarta ta fito tana salati, maƙwabta suka cika gidan, wannan ta ce a ba ta madara, waccan ta ce manja. Iya ba ta saurari kowa ba. Ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure da zane, ta fita ba takalmi ta tare mai babur. Duk hanya tana jin kan yarinyar yana langaɓewa a kafaɗarta, tana kiran sunanta don ta ji ko da nishi ne.

A asibiti aka yi ta neman jijiya a hannun da ya riga ya yi sanyi kafin a samu a ɗaura ƙarin ruwa. Malamar jinya ta ce babu wata allura da ke karya wannan guba, sai dai ruwa da jira. Ta ƙara da cewa ba wannan ce ta farko ba tun da aka fara noman nan. Ɗan Iya ya iso da taɓon gona a ƙafa, ya dubi 'yarsa, ya dubi mahaifiyarsa, ya kau da kai. Da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da mijinta ya rasu, don wancan Allah ne ya ɗauka, wannan kuwa ita ta hura wutar da hannunta. Ta zauna a ƙasa gefen gado tana kallon ƙirjin yarinyar yana ɗagawa yana sauka.

Can wajen la'asar 'Yar Firit ta buɗe ido ta ce ruwa. Uwarta, wadda ta biyo su a baya, ta fashe da kuka.

Da aka sallame su, tun a bakin asibiti Iya ta tare ɗanta. "Ka tuge abin nan daga gonarka."

"Iya, in na tuge nawa, na maƙwabta fa? Daga nan har inda mota za ta kai ki, shi ne a ƙasa."

Suka hau babur, yarinyar a tsakaninta da mai tuƙi. Hagu da dama bini-da-zugu ne, ya nuna ya yi rawaya, wasu 'ya'yan sun faɗo bakin hanya sun tsage, inda kowane yaro zai iya tsinta.

"Kaka, waɗancan ma irin na faifai ne?"

"Su ne. Guba ne, kin dai ga abin da suka yi miki."

Yarinyar ta bi su da kallo suna wucewa. Can ta ce, "Amma da daɗi."

Iya ta ƙanƙame hannuwan yarinyar duka biyu a cikin nata. Ta ɗaga kai tana neman inda gonakin suka ƙare, har suka shiga gari ba ta gani ba.