Akurkin Zomayen Kawu

Jiya a tashar motocin Showak na ga wani baƙo daga Khartoum yana ɗora zomaye a saman mota cikin akwatin kwano. Warin kwano mai zafi ya tuno min da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda bai taɓa yi min magana mai daɗi ba.

Shi da karan dawa yake ɗaure akurki, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ni kuwa wata rana na ƙera nawa da kwano, har da fenti, zan kai zomayena shida kasuwar Showak. A gaban matata da 'ya'yana ya sa ƙafa ya lotsa shi.

"Kai jaki ne? Tanderu ka yi musu! Kafin Showak sun gasu."

Da ya ja ni gefe ya faɗa, me zai rage shi? Har ya mutu gaisuwar baki kawai nake masa.

Jiya sai na ji bakina yana ce wa baƙon nan, "Ya zol, bawan Allah, kai jaki ne? Za su gasu!" Ya sauke zomayen yana hararata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa kabari yadda ya sanyaya wa zomaye. Ni dai ban huce ba.