Askin Sababbin 'Yan Wasa

Babban ɗana ne kyaftin na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Dutse, kuma ina alfahari da hakan har a gidan biki. Shi ya sa da muka yi sababbin maƙwabta daga Miga, na ga yadda ɗansu yake murza leda a ƙofar gida, ni da bakina na ce wa nawa ya ɗauke shi cikin ƙungiya.

Wata ranar bayan la'asar ina tankaɗe, maƙwabciyar tawa ta yi sallama, ɗan nata yana biye da ita. Ba ta zauna ba. Ta cire masa hula kawai.

An aske rabin kansa da reza, duk ya yi tsaga-tsaga, jini ya bushe a bayan kunnensa. Gwiwoyinsa sun saɓule.

"Yaya, ki duba mini," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Wai haka suke karɓar sababbi. Rarrafe suka sa su a kan tsakuwa, da takalman manyan a bakinsu."

Na tambaye shi wa ya riƙe rezar. Sai ya kalli ƙofar ɗakin ɗana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da ɗana ya dawo, na tare shi a tsakar gida. Ko a jikinsa.

"Umma, kowa fa an yi masa. Ni ma an yi mini."

"Yaushe?"

"Shekarar da na shiga. Lokacin da na ce miki makero ne ya kama ni."

Na tuna. Ya daɗe ba ya cire hula, har magani na sayo masa a kemis. Ashe ɗana ya sha wannan wulaƙanci ya haɗiye, ya jira ranar da zai sauke a kan ɗan wani.

Maigidana ya tara iyayen yaran da kocinsu a ƙofar masallaci. Kocin ya ce wasan yara ne, yana ƙara musu haɗin kai. Da aka nuna masa kan yaron, sai ya sunkuyar da nasa. A nan aka yanke cewa duk wanda ya sake taɓa sabon ɗan wasa, an kore shi. Wasu manyan 'yan wasan suka yi fushi suka fice daga ƙungiyar. An karɓe kyaftin daga hannun ɗana.

Ni na raka shi ba da haƙuri. Uwar ta ce ya wuce, har ta kawo mana ruwa, na kasa sha. Ɗan nata bai koma ƙungiyar ba, wata unguwa yake zuwa wasa yanzu. Muna gaisawa da ita lafiya lau, amma har yau nauyin shiga gidanta nake ji.