Matakalar Ustad Inayat

Kullum da hantsi, kafin titin Nisbet na birnin Lahore a Pakistan ya cika da babura, Ustad Inayat Gondal yakan ɗaga ƙofar shagonsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera ƙananan sukundirebobi da burushi mai laushi, sa'an nan ya jira shayin Goga, mai kawo wa 'yan layinmu shayi. Ba ya taɓa kyamara sai ya wanke hannu, kamar mai shirin cin abinci. Tsofaffin kyamarori yake gyarawa yana sayarwa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin hannun da ya daɗe yana kwance ƙananan sukurori ya fara rawa. Mu maƙwabtansa na layin nan mun ga abin da ya cancanci a rubuta.

Abin da aka fi saninsa da shi matakala ce. Tana bayan shagon, tana hawa zuwa ɗakunan ajiya, ƙwan lantarki ɗaya ne ke haska ta, shi ma da kyar. Sauran 'yan kasuwa a bakin titi suke gwada kyamara, cikin rana, inda ko wayar hannu ma takan yi abin kirki. Shi kuwa matakala yake tura mai saye, ya ce ya ɗauki Goga yana saukowa da tiren shayi. Idan fuskar Goga ta fito sarai, a yi ciniki. Idan ba ta fito ba, kyamarar ta koma kan tebur, ko da mai sayen ya nace.

"Ustad ji, fuskata ta sayar maka da kaya fiye da bakinka," Goga yakan ce, yana ƙara "ji" ɗin da muke girmama babba da ita. "Yaushe za ka rataye hotona a shago?"

"Ranar da nake so in kori masu saye."

Cikin waɗanda suka hau matakalar akwai Shagufta Parveen, tela mai ɗinka kayan amare. Wani gida da ke raba maza da mata a bikinsu ya neme ta ta ɗauki hotunan ɓangaren mata, inda namiji ba ya shiga. Ta sayar da awarwaronta ta zo kasuwa. Idan hotunan suka yi kyau, ta sami sabuwar sana'a. Idan suka lalace, amarya sau ɗaya take barin gidan ubanta, kuma sunan Shagufta zai ɓaci har a wajen ɗinkin.

"Ustad ji, babba nake so," in ji ta, tana nuna wata ƙatuwar kyamara. "Wadda in na shiga da ita za a ba ni hanya."

"Hoto za ki ɗauka, beti, 'yata, ko tsorata mutane?"

Ya ajiye mata wata ƙarama marar madubi a ciki, wadda fentinta ya goge a kusurwoyi. Ya ce mata kyamarar ta tsufa a idon masu hali, shi ya sa ta sauko inda hannunta zai kai, amma farantin da ke kama haske a cikinta cikakke ne, faɗin fim ɗin da aka sani a da, alhali na ƙatuwar ƙarami ne. Ya hana ta zuba dukan abin da ta kawo a jikin kyamara, ya ce ta bar kuɗin sayen gilashin bakin kyamara mai buɗewa sosai, domin gilashi ne ke ciyar da ita haske. Bai ɓoye aibinta ba: tana cin batir, kuma yaro mai gudu yakan kuɓuce mata. Daga nan ya tura ta matakala da duka biyun. A ƙatuwar, Goga ya fito kamar hayaƙi. A ƙaramar, har gashin bakinsa ana iya gani.

Duk da haka Shagufta ba ta saki fuska ba. A bukukuwanmu da girman kyamara ake auna mai hoto, kuma ta san gwaggon amarya za ta dubi wannan ta ce an kawo abin wasan yara. Ustad bai yi mata dariya ba, domin ya san gaskiya ta faɗa. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani akwatin batir da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kyamara, da wata faffaɗar baƙar hula ta bakin gilashi. Da ya haɗa su, sai ƙaramar ta yi ƙiba nan take.

"Akwatin zai hana ta mutuwa a tsakiyar biki," in ji shi. "Hular kuwa ta gwaggo ce."

Matan da suka halarci bikin sun ba da labari. Gwaggo ta dubi kyamarar sama da ƙasa, ta ce ta fi ta ɓangaren maza kwarjini, ta kuma sa aka matsa wa Shagufta. Ana fito da amarya sai wuta ta ɗauke, a zauren da ba shi da taga. Kafin janareta ya tashi, amarya ta watsa shinkafa ta bayan kanta, kamar yadda al'adarmu ta barin gida take, uwarta ta tare da mayafi tana hawaye, ba haske sai na wayoyin mata. Hoton ya fito. Yana rataye a gidan har yau, Shagufta kuma ta sake sayen awarwaro ta sa a hannunta, tana koya wa wasu mata aikin.

Kai ne, Ustad, mai faɗin aibin kayansa kafin a tambaye shi. Kai ne ka san cewa mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya saye sau biyu, don haka ka ƙi bari ya yi kuskure a karon farko. Ka girmama tsoron mace guda kamar yadda ka girmama ilimin sana'arka, ka samo wa kowanne magani.

A makon jiya Shagufta ta zo da kwalin alewa, ta ce za ta ɗauke shi hoton ban kwana a bakin shago. Ya ƙi, ya ce sai a matakala. Goga ya tsaya a gefensa da tire.

"Wannan kam sai ka rataye shi, Ustad ji," in ji Goga. "Ba sauran masu sayen da za a kora."

Ya kuwa rataye shi da hannunsa mai rawa, a karkace kaɗan.

Mun gode, Ustad Inayat. Allah ya sa hutunka ya yi albarka, ya bar maka hasken idonka. Ku kuma 'yan kasuwa, na layinmu da na ko'ina, kowa ya nemi matakalarsa mai duhu, ya kai mai saye can tun kafin ya miƙa masa kaya.