Rawar Hannun Da Kuka Yaba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban sa komai a shafin nan ba, har wasu na tambaya ko na bar zane ne. Ban bari ba. Jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Asma'u. Ni ce mai zana aljanu, mayu da dodannin da muke karantawa a littattafan ban tsoro da na jarumai. Na fara ne shekarar da rikici ya koro mu daga arewacin jihar nan, muka sauka gidan Goggo, ƙanwar mahaifinmu, a Yola Gari. Ba aiki, ba kwanciyar hankali, sai karatu a waya da biro a hannu. A nan na gane idan na zana abin tsoro da kaina, yakan rage girma.

Ciwon ya fara da rawar hannu.

Kuna tuna sarauniyar aljanun ruwan nan da na zana, mai gashi har ƙasa? Kun ce gashinta kamar yana motsi, kun ce na samo sabon salo. Ba salo ba ne. Hannuna ne ya ƙi tsayawa. Amma ban taɓa samun yabo irin wannan ba, sai na yi shiru na ci gaba.

Na saba rubuta yadda na wuni. Abin da na riƙa rubutawa a lokacin shi ne gajiya.

Sai rama ta biyo baya, ga shi ina ci kamar gara. Gumi ko da an yi ruwan sama. Zuciya na dukan uku-uku ina zaune. Faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga baya idanuna suka firfito.

Ranar da Goggo ta lura, ta ɗauko wani zanena ta kara shi kusa da fuskata.

"Ma'u, dubi nan. Idonki da nasa ɗaya. Kin yi ta kiran su da biro, ga shi sun amsa."

Ta tattara zanukana ta ƙone su a bayan ɗaki. Ban hana ta ba, don ni ma na fara yarda. Aka yi hayaƙi, na sha rubutu, na daina zane. Rawar ba ta daina ba.

Wadda ta fara maganar asibiti ita ce Maman Chidi, 'yar Ibo mai shagon da nake sayen takarda da alƙaluma a Jimeta. Na je in ce ta daina ajiye mini kaya. Ba ta ma saurare ni ba, wuyana take kallo.

"Anti, ɗaga mayafi. Wannan wuya naka ya kumbura fa. Sista na ya yi irinsa. Dodo ba ya kumbura wuya, je ka ga likita."

Na je. Na yanki kati, na bi layi. Likitar ta sa na miƙe hannuwa, ta ɗora farar takarda a kansu. Muka zuba mata ido tana karkarwa kamar ganye.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton wuya, aka manna mini wayoyi a ƙirji don duba zuciya. Kuɗin awon ya fi ƙarfina, Hamma, yayana, shi ya biya.

Da sakamako ya fito, likitar ta ce ƙululun gaban wuya ne, wanda idan ya kumbura muke ce masa maƙoƙo, yake aiki fiye da kima. Ta ce da na ƙara jinkiri, zuciyata ce za ta gaza.

Na tambaye ta, cikin jin kunya, ko zane na da hannu a ciki.

Ta ce, "Masu wannan ciwo da nake gani, ko da'ira ba su iya zanawa ba."

Ƙwayoyi kullum, awon jini lokaci zuwa lokaci. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. A hankali zuciya ta lafa, jiki ya dawo, hannu ya tsaya.

A nan wani tsoro ya same ni wanda ban faɗa wa kowa ba. Zanen farko da na yi bayan sauƙi ya fito lami, ba rai. Na ce shi ke nan, ashe ciwon ne gwanin, ni riƙe masa biro kawai nake yi.

Sai na koma kamar 'yar koyo. Kowace safiya shafi guda na layuka kawai: miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, mai rawa. Na koyi sa wa layi rawa inda nake so, in tsayar da ita inda nake so.

Mayen da ke ƙasan wannan rubutu shi ne sakamakon. A tsakar gida na zana shi, ban ɓoye ba. Goggo ta zo ta tsaya a kaina ta daɗe, ina jiran faɗa.

Ta ce, "Wannan ne mayen? Na tatsuniyarmu ya fi shi haƙora. Ƙara masa."

Na ƙara masa. Idanuna ba su gama komawa ba har yanzu, amma kowane layi a jikin mayen nan ni na sa shi da niyya, kuma ina alfahari da shi.

Shawarata: idan kuna rama kuna ci, hannu na rawa, zuciya na gudu, ku taɓa wuyanku, ku je asibiti. Ku yi addu'a, amma ku yi ta a kan layin ganin likita. Idan an ba ku magani, kada ku ajiye don kun ji sauƙi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hamma, da likitata, da Maman Chidi da ta ƙi daina ajiye mini takarda. Ku ma na gode. In kun ga hannun mai zane ya canza, ku yaba, amma ku tambaye shi lafiyarsa.