Wankan Jegon Ƙanwata Rabi

A watan nan da muke ciki ƙanwata Rabi ta cika shekara tara a kabari. Ba Rabi ne sunanta ba, haka ma sauran sunayen da za ku gani a nan, na sauya su ne saboda yarinyar da ta bari. Duk shekara idan watan ya kama, 'yan'uwa kan bugo mini waya suna kuka, ni kuwa in riƙe wayar ina cewa sai haƙuri, kamar ƙanwar wani ce ta mutu ba tawa ba. Ban yi kuka ranar da ta rasu ba, ban yi ranar sadakar uku ba, har yau ina jira. Wasu sun ce taurin zuciya gare ni. Wataƙila. Ni dai abin da na sani, wani wuri a ƙirjina ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kuma bai farfaɗo ba.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, a Argungu aka haife mu. Ni na riga ta aure, na zo Birnin Kebbi ina koyarwa a wata firamare a Nasarawa, na haifi bakwai a jere. Rabi kan tsokane ni ta ce ko inuwar mijina ce ta gitta ni sai ciki. Ita kuma ta auri Bashir, suka zauna a unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi, shekara goma sha uku ko ɓatan wata. Duk sunan da aka yi a dangi ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen ajiye jariri. An sha rubutu, an sha saiwa, an je asibiti. Daga baya aka gano ƙari a mahaifarta. Tiyatar farko ba ta yi ba, a ta biyu aka cire mahaifar da ma'ajiyar ƙwan gaba ɗaya. Inna ƙari kawai aka ce mata an cire. Ga hawan jini kuma, wanda ya riga ya taɓa mata zuciya, har likita ya hana ta gishiri, ko ɗanɗano.

Na san mai karatu zai ce ai da ta ɗauki riƙo. Ta ɗauka. Ni da kaina na ba ta 'yata ta huɗu, ta riƙe ta kamar ƙwai, amma duk wanda ya shigo gidan sai ya ce, "A'a, ɗiyar Yaya an girma." Bayan shekara biyu ta dawo mini da ita da akwatin kaya, ba faɗa, ba komai. Ta ce ta gaji da rainon da kowa ya san mai shi.

Wani likita ne a Abuja ya buɗe musu wata ƙofa. Ya ce akwai matan da ke ba da ƙwan haihuwarsu, a haɗa da irin miji a asibiti, sannan a dasa a mahaifar wata macen daban, ta ɗauki cikin, ta haihu, ta miƙa. Aron mahaifa, in ji su. Ranar da Rabi ta zayyana mini wannan a ɗakina, sai da na tashi na rufe ƙofa. Na ce ta ji tsoron Allah. Ta ce ta riga ta tambayi malami, a matsayin tambayar wata ƙawarta, ya ce bai halatta ba. Ta faɗa mini haka idonta a bushe. Ban zo shafin nan don in halatta abin da malamai suka hana ba, ba ni da wannan ilimin, ba ni da wannan ƙarfin halin. Labarin ƙanwata kawai nake bayarwa, hisabinta kuwa yana wurin Wanda ya fi ni tausayinta.

Gonar shinkafar Bashir ta Ambursa ce ta tafi a wannan hanya. Dashen farko bai kama ba, na biyu ya kama ya zube. Kowane karo Rabi ta dawo ta kwanta kamar ita aka yi wa ɓari, alhali jikinta ko allura bai gani ba. Na uku ya zauna. Mai ƙwan ba su taɓa ganin ta ba, an dai ce musu doguwa ce, baƙa. Mai ɗaukar cikin kuwa wata bazawara ce mai 'ya'ya biyu, Rabi ta riƙa aika mata busasshen kifin Argungu da shinkafar gida, wai don ɗan ya san abincin garinsu tun yana ciki. Da cikin ya yi ƙwari sai aka sanar da dangi cewa Rabi ta samu rabo, amma likita ya ce sai ta kwanta a Abuja kusa da shi har ta sauka. Inna ta ɗaura kaya za ta bi ta, muka yi ta kawo mata dalilai har ta haƙura.

Aka haifi mace. Ni a zatona Gesse za su wuce, a yi suna, a rufe ƙofa, a ce mai jego ba ta son hayaniya. Sai Rabi ta bugo mini ta ce Argungu za ta, wankan gida, tunda haihuwar fari ce.

Na ce, "Wankan mi? Ke da ba ki haihu ba?"

Ta ce, "Yaya, ƙwai na wata, ciki na wata, nono ma ba ni da shi. Ruwan zahin nan shi kaɗai yar rage. Ki bar mini shi."

Wanda bai san wankan jego irin na gidanmu ba, ga yadda yake. Rabin duro ake ɗorawa a murhu, a cika shi da ruwa, a hura masa itace har ya tafasa. A tsoma ganyen dogon yaro a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, safe da la'asar, har kwana arba'in. Ta fito a miƙa mata kunun kanwa mai kauri a ƙwarya, da nama da yaji. Ni sau bakwai na yi shi, kuma kowane karo ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi. Rabi kuwa ko uhum ba ta taɓa cewa ba. Matan unguwa su shigo barka su same ta zaune a tabarma, jiki na tururi, ido ja, jaririya a cinya. Su ce sannu mai jego, ya ruwan zafi. Ta amsa a hankali, da 'yar gajiyar nan ta masu jego wadda ta shekara goma sha uku tana kallo a fuskar wasu. Wallahi ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na makonnin nan ba. Da nono bai zo ba aka ce tiyatar da aka yi mata a baya ce ta hana, aka koma madarar gwangwani.

Kunun ne ya tsaya mini a rai. Na ja Inna gefe na ce mata likita fa ya hana Rabi gishiri. Ta dube ni kamar na zautu, ta ce, "Kanwa ai ba gishiri ba ta, magani ta. Da ita anka yi jegonki, da ita anka yi nawa." Rabi na jin mu daga ɗaki. Da na shiga ta ce idan na ƙara ɗaga maganar nan, ko gawarta kada in zo gani. Ranakun da nake zuwa, Asabar da Lahadi, nakan faki ido in zubar da kunun a bayan ɗaki. Sauran ranakun ina aji ina koyar da yara, ita kuma tana shanyewa tas, har ta nemi ƙari. Bashir ya roƙe ta, ta ce masa wannan ba maganar maza ba ce.

Ƙafafunta suka fara kumbura. A wurin matan gidanmu kumburin mai jego ma'anarsa ɗaya ce, sanyi ya shige ta. Maganin sanyi kuwa a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Haka suka yi, da zuciya ɗaya, da ƙauna. Asabar ɗin da na zo na tarar ba ta iya kwanciya, a zaune take barci jingine da bango, numfashi na fita da ƙyar. Ban nemi shawarar kowa ba, na kira Bashir muka sa ta a mota sai Birnin Kebbi. Likitan da ya karɓe ta ya tambaye ni yaushe ta haihu. Na ja shi waje na faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, ya ce, to me ya kai ta wanka da kanwa? Ya ce ba zai rantse ba, ajali na Allah ne, amma zuciya irin tata ba ta ɗaukar wannan kaya. Ta rasu saura 'yan kwanaki ta yi arba'in. Kayan da za ta sa ta zaga dangi da jaririyarta suna wurin tela, ni na je na karɓo su daga baya, na biya, na yi masa godiya, na hau babur na dawo gida na dafa tuwon dare.

Nakan tambayi kaina me Rabi za ta ce da ta ga yau. Abin da muka rufe ƙofa kafin mu ambata, yanzu mata na tattauna shi a waya, a rediyo ma na ji ana muhawara a kai, wannan ya ce haramun, wancan ya ce a tausaya. 'Yata ta fari da ta haihu bana cewa ta yi ma'aikaciyar jinya ta hana ta ruwa mai ƙuna da kunun kanwa, ruwa mai ɗumi ya wadatar. Ban musa mata ba, ni na sirka mata ruwan da hannuna. Na san da Rabi na nan dariya za ta yi, ta ce 'yan zamani ragwaye, sun samu a sama sun raina. Ko da yau ne za ta ɓoye? Ina jin za ta ɓoye. Ba tsoron bakin mutane kaɗai ya kai ta Argungu ba, so take a yi mata abin da ake yi wa kowace mace.

Abin da na riƙe shekarun nan duka shi ne kada Inna ta sani. Ita ta hura wutar, ita ta dama kunun. Tana ɗauka jego ne ya ci 'yarta, kamar yadda yake cin mata tun kaka da kakanni, kuma da wannan ta samu ta haƙura. Idan ta ji cewa babu ma haihuwar, wankan bai zama dole ba ko na rana ɗaya, na tabbata ba za ta ƙara tashi ba. Saboda haka na kulle bakina, na kulle na Bashir. Yarinyar, Ummi, a hannun Inna ta tashi har ta isa makaranta. Duk lokacin da wata ta ce Ummi ba ta ɗauko uwarta ba, ni ce mai saurin cewa dangin uba ta biyo.

Bara da damina Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata rana da hantsi ina zaune gefenta ina tsince shinkafa a faifai, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Matar da tah haihi Ummi, tana raye?"

Faifan bai faɗi ba. Na dai ajiye shi. Na ce, "Inna, wace mata?"

Ta ce, "Haba. Na haihu tara, na yi ma mata wanka ba adadi. Tun ranar da tak kwance zane gabana nis sani. Jikin da yah haihu ba ya ɓoyuwa."

Na ce, "To don mi kika yi mata?"

Ta ce, "Ta dube ni, ni ma na dube ta. Ɗiyata ta zo da jinjiri tana son a yi mata wanka. In ce mata mi? Sai nid ɗauki ganye." Can ta ce, "Kanwar ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ashe shekara takwas ina tsare ta daga abin da ta riga ta sani, ita kuma tana tsare ni, don a zatonta ni ce ban sani ba sai daga baya ta gane. Ko a ranar ban yi kuka ba. Na ɗauki faifan na ci gaba da tsintar shinkafa, domin akwai masu jiran abinci. Rasuwar Inna ce ta sa na iya rubuta wannan.

To me ya rage na Rabi? Idan jini ake nema, babu. Ummi doguwa ce, baƙa, da fuskar wata mata da ba mu taɓa gani ba. Ba ta sha nonon Rabi ba, ba ta san muryarta ba, 'yan makonni kawai ta yi a cinyarta. Bashir ya ce idan ta mallaki hankalinta zai zaunar da ita ya faɗa mata komai, kuma na goyi bayansa, ko da yake ina roƙon kada a ce ni zan fara magana. Amma a Argungu babu mai tantama ko ɗaya. Sun ga hayaƙi na tashi a gidan Inna safe da yamma, sun ga mai jego, sun yi mata barka. Abin da Rabi ta je nema ta same shi, ta kuma biya. Allah Ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, Ya haɗa ta da Inna a inuwa guda.

Kwanan baya Ummi ta zo mini hutu. Wata maƙwabciyata da ba ta san mu sosai ba ta tambaye ta ina mamarta. Yarinyar ta amsa kai tsaye, yadda yara ke faɗin abin da suka saba faɗa, ta ce, "Ta rasu wajen haihuwata." Ina tsaye a bakin murhu na ji ta. Tun ranar nake juya maganar nan, ta gaba, ta baya, ban samu inda zan gyara mata ba.